Yadda Baligai Ke Koyon Haruffan Matsayi na Koriyanci

1.0 Gabatarwa

Kowane harshe yana da hanyar da yake bi ya nuna wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa a cikin jimla. Wasu harsunan, kamar Ingilishi da Yarbanci da Sinanci, sun dogara ne da jerin kalmomi. Wasu suna sa alama a jikin aikatau ko kusa da shi, wasu kuma a jikin sunan kansa. Koriyanci, wanda mutane kusan miliyan 80 ke magana da shi, yana cikin kashi na ƙarshe. A wannan harshe ana liƙa wa suna ɗan ƙaramin harafi a ƙeya, wanda ke bayyana ko sunan aikau ne, ko karɓau, ko wuri, ko mai mallaka. Masu nahawun Koriya suna kiran irin waɗannan haruffa josa.

Wanda ya karanci nahawun Larabci ba baƙo ba ne ga wannan al'amari, domin shi ne abin da rufu'a da fataha da kisira ke yi a ƙarshen suna. Su ne ke sa daraba Zaidun Amran ta sha bamban da daraba Zaidan Amrun, alhali jerin kalmomin bai canza ba. Sai dai kalmar li'irabi ta riga ta tafi ga feɗe jimla a nazarin Hausa, kamar yadda ake cewa bishiyar li'irabi. Saboda haka a wannan maƙala za a kira su haruffan matsayi.

Manufar maƙalar ita ce bayyana yadda baligi, wanda harshensa na farko ya riga ya zauna masa, ke koyon waɗannan haruffa. Za a nuna cewa abin da ake kira sanin harafi ya ƙunshi abubuwa da dama waɗanda ba sa zuwa tare. Haddace siffar harafin aikin 'yan makonni ne. Dogaro da shi wajen fahimtar magana yana ɗaukar lokaci mai tsawo, zaɓen wanda ya dace da sanin inda ake barinsa kuwa su ne ke zuwa a ƙarshe. An rubuta misalan ne da tsarin boko da hukumomin Koriya ta Kudu suka fitar a 2000, inda eo da eu da ae kowanne ke wakiltar wasali guda, an kuma sa karan ɗori tsakanin suna da harafinsa.

2.0 Tsarin Haruffan

Jimlar Koriyanci tana ƙarewa da aikatau, jerin da aka saba kuwa shi ne aikau, karɓau, aikatau. Amma tun da kowane suna yana ɗauke da alamarsa, ana iya sauya musu wuri:

(1) a. gae-ga goyangi-reul mureotda 'kare ya ciji kyanwa'
b. goyangi-reul gae-ga mureotda 'kare ya ciji kyanwa'
c. goyangi-ga gae-reul mureotda 'kyanwa ta ciji kare'

Jimlolin (1b) da (1c) jerinsu ɗaya ne, kyanwa a gaba, kare a baya, kuma aikatau ɗin bai ɗauke da wata alamar jinsi ko adadi da za ta taimaka. Haruffan nan ne kurum suka raba mai cizo da wanda aka ciza.

Harafin aikau siffa biyu gare shi: -ga bayan wasali, -i bayan baƙi. Ana cewa chingu-ga 'aboki', amma chaek-i 'littafi'. Haka na karɓau, -reul bayan wasali, -eul bayan baƙi. Harafin mallaka shi ne -ui. Karɓau na kaikaice yana ɗaukar -ege in mai rai ne, ko -hante a hira, sai -e in marar rai ne. Wuri yana ɗaukar -e ko -eseo, kayan aiki da fuskar da aka nufa kuwa -ro ko -euro. Akwai kuma siffofin girmamawa: -kkeseo a maimakon -ga, da -kke a maimakon -ege, kamar a halmeoni-kkeseo osyeotda 'kaka ta zo'.

Ban da waɗannan, akwai wani rukuni na haruffa da ba matsayi suke nunawa ba, amma mazauninsu ɗaya da na matsayi. Mafi shahara shi ne -neun, ko -eun bayan baƙi, mai nuna kan zance ko bambanci, sai -do 'ma' da -man 'kaɗai'. Idan -neun ko -do ya sauka a kan aikau ko karɓau, sai -ga ko -reul su kauce gaba ɗaya; ba a cewa *chingu-ga-neun. Amma in ya tarar da -e ko -eseo ko -ege, sai ya hau bayansu, a sami hakgyo-e-neun 'a makaranta kam' da chingu-ege-do 'ga aboki ma'. Littafin Ho-min Sohn na 1999 ya yi cikakken bayanin wannan tsari, William O'Grady kuma ya keɓe masa littafi guda a 1991.

3.0 Masu Koyon

Baligan da ke koyon Koriyanci ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗalibai na jami'o'i da na cibiyoyin Sarki Sejong, waɗanda aka fara buɗewa a 2007 aka kuma yi musu gidauniya a 2012. Irin wannan koyo na aji shi ne ake yi a Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010. Waɗannan suna haɗuwa da harshen ne ta littafi, sau da yawa da niyyar cin jarrabawar TOPIK, wadda aka soma a 1997. Akwai kuma ma'aikatan masana'antu da gonaki da suka shiga Koriya ta Kudu daga ƙasashe irin su Biyetnam da Nefal da Kambodiya da Uzbekistan, ƙarƙashin tsarin izinin aiki na 2004, da matan da aure ya kai su can. Su waɗannan, ko da sun yi ɗan karatu kafin su taso, yawancin abin da suka samu a bakin mutane suka same shi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga batun da ake magana a kai, domin rubutaccen Koriyanci cike yake da haruffan matsayi, hirar yau da kullum kuwa tana yawan zubar da su. Ke nan rukunin farko da na biyu ba harshe ɗaya suke ji ba, idan aka duba ta wannan fuska.

4.0 Matakan Koyo

4.1 Siffa

Zaɓi tsakanin -i da -ga, ko -eul da -reul, ƙa'ida ce ta sauti wadda ba ta da wuya, kuma baligi yana riƙe ta da wuri. A nan ma ya fi yaro sauri. Young-joo Kim (1997) ta nuna cewa yaran Koriya suna fara furta -ga wajen cikarsu shekara biyu, suna kuma liƙa shi har ga sunayen da suka ƙare da baƙi, wani lokaci su haɗa biyun su ce -i-ga, kafin -i ya daidaita. Baligin da ya iya karatun Hangul yana ganin baƙin ƙarshen gaɓa da idonsa, sai ya zaɓa. 'Yan kalmomin da suka saɓa wa ƙa'ida, irin su na 'ni' da ke komawa nae-ga da nugu 'wa' da ke komawa nu-ga, haddace su ake yi.

Wahalar wannan mataki a kunne take. Harafin da ya fara da wasali yana janye baƙin ƙarshen suna zuwa gaɓarsa, har ya canza yadda kalmar ke fita. Kalmar 'tufa' ana furta ta ot in tana ita kaɗai, amma da harafin aikau sai a ji osi. 'Fure' kkot ne, da harafi kuma kkochi. Daɗin daɗawa, a hira ana taƙaita haruffan: na-neun ya zama nan, na-reul ya zama nal, igeos-i 'wannan' ya zama ige, igeos-eul ya zama igeol. Wato bambancin kan zance da karɓau yakan rage ga baƙi ɗaya tak a ƙarshen gaɓa, cikin magana mai gudu. Mai koyo zai iya cike gurbin harafi daidai a takarda, amma harafin ya wuce ta kunnensa bai ji ba.

4.2 Dogaro da Harafi Wajen Fahimta

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda jarrabawar cike gurbi ba ta iya aunawa. Bill VanPatten (1996) ya lura cewa masu koyon harshe na biyu suna da ɗabi'ar ɗaukar sunan farko da suka ji a jimla a matsayin aikau, ko me nahawu ya ce. Idan aka karanta wa irin wannan mai koyo jimla ta (1b), aka ce ya zaɓi hoton da ya dace, sai ya nuna wanda kyanwa ke cizon kare, alhali in an tambaye shi aikin -reul zai faɗa ba tare da gargada ba.

Dalilin haka ba rashin basira ba ne. Harshen ne da kansa ba ya tilasta masa ya kula. A mafi yawan jimlolin da yake ji, aikau ne ke zuwa farko, don haka jeri da harafi abu ɗaya suke faɗa. Inda jerin ya juya kuma, ma'ana takan wadatar: in aka ce 'tuffa', 'yaro', 'ci', ba wanda zai zaci tuffa ce ta ci yaro. Ga shi kuma ana yawan shafe aikau ko karɓau ɗungurungum in an san su. Saboda haka mutum zai iya shekara yana fahimtar kusan duk abin da aka gaya masa ba tare da ya jingina da harafi ko sau ɗaya ba. Elizabeth Bates da Brian MacWhinney sun bayyana irin wannan yanayi da cewa alamomi ne ke gasa a cikin kan mai sauraro, jeri da rai da harafi, kuma wadda harshen farko ya ƙarfafa ita ke rinjaye. Nick Ellis (2006) ya ƙara da cewa alamar da aka riga aka saba da ita tana tare hanyar koyon sabuwa, muddin tsohuwar tana biyan buƙata.

Misali mafi kyau na inda harafi ke ɗauke da nauyin ma'ana shi kaɗai shi ne ganga mai siffanta suna, wadda a Koriyanci take gabatar sunan da take siffantawa:

(2) a. namja-reul joahaneun yeoja 'matar da ke son mutumin'
b. namja-ga joahaneun yeoja 'matar da mutumin ke so'

Kalmomi uku ne a jeri ɗaya, gaɓa ɗaya ce ta bambanta. O'Grady da Miseon Lee da Miho Choo (2003) sun gwada ɗaliban jami'a masu Ingilishi da irin waɗannan gangogi, suka tarar sun fi fahimtar irin (2a) a kan irin (2b). Marubutan sun danganta haka da tsarin ginin gangar, amma ko da wace fassara aka ɗauka, sakamakon ya nuna cewa ɗalibin da ya yi zango da dama yana karatu bai kai ga barin harafi ya yanke masa hukunci ba.

Na'urar bin motsin ido ta ƙara fito da abin fili. Ɗan harshe ba ya jiran aikatau. Da ya ji suna da harafinsa ya fara hasashen inda jimlar ta dosa, kuma wannan shi ne babban amfanin haruffan a harshen da aikatau ke zuwa ƙarshe. Cheryl Frenck-Mestre da abokan aikinta (2019) sun kwatanta 'yan harshe da masu koyo iri biyu, masu Faransanci da masu harshen Kazak. Masu koyon ba su kai 'yan harshe saurin amfani da haruffan ba, sai dai masu harshen Kazak, wanda shi ma yake da ɗafa-ƙeyar matsayi kuma aikatau ke zuwa ƙarshe, sun fi masu Faransanci. An kuma ga cewa harafin karɓau na kaikaice ya fi na karɓau kai tsaye sauƙin kamawa. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin -ege gaɓa biyu ne, ma'anarsa a fili take, kuma ba kasafai ake zubar da shi ba.

Ya kamata a faɗa cewa su ma yaran Koriya suna bi ta wannan hanya, domin sukan juya ma'anar jimla irin (1b) har zuwa wajen shekara huɗu. Seongchan Kim da O'Grady da Sookeun Cho (1995) sun nuna cewa in aka fara gabatar da wanda aikin zai faɗa wa a jimlar da ta gabata, fahimtar yaran takan ƙaru. Ke nan jimlar da aka juya tana da muhallinta a zance, kuma gwada ta tsirara yana iya sa a raina sanin wanda ake gwadawa, yaro ne ko babba.

4.3 Zaɓen Harafi

Kurakuran da suka fi daɗewa a rubutun masu koyo na musanya ne, wato sa wani harafi a gurbin wani. Ana iya ganin irinsu a rumbun rubuce-rubucen masu koyo da Cibiyar Harshen Koriya ta Ƙasa ta fara tarawa a 2015. Ba kuma a warwatse suke ba, wurarensu sanannu ne.

Na farko shi ne inda Koriyanci ke sa -i ko -ga ga abin da hankalin mai koyo ke gani karɓau ne:

(3) a. don-i piryohaeyo 'ana buƙatar kuɗi'
b. sigan-i eopseoyo 'babu lokaci'
c. uisa-ga doeeosseoyo 'ya zama likita'
d. jeo-neun keopi-ga joayo 'ina son kofi'
e. jeo-neun keopi-reul joahaeyo 'ina son kofi'

Wanda ya koyi cewa -ga na mai aiki ne, -reul na wanda aka yi wa, zai ce *don-eul piryohaeyo, domin a harshensa kuɗi abin buƙata ne. Amma piryohada a Koriyanci aikatau ne na siffa, ma'anarsa ta fi kusa da 'kuɗi abin buƙata ne'. Haka (3d) da (3e) fassararsu ɗaya, amma jota na siffa ne, joahada kuwa so-karɓau. A nan ƙa'idar da ta taimaki mai koyo a makon farko ita ce ke ɓatar da shi, tun da harafin ba rawar ma'ana yake bi ba, matsayin nahawu yake bi. Jimloli masu aikau biyu, irin su Minsu-ga nun-i keuda 'Minsu manyan idanu gare shi', sun ƙara rusa wannan ƙa'ida.

Na biyu shi ne -e da -eseo. Ana cewa hakgyo-e itda 'yana makaranta' da hakgyo-e gada 'tafiya makaranta', amma hakgyo-eseo gongbuhada 'yin karatu a makaranta' da hakgyo-eseo oda 'zuwa daga makaranta'. Wato -e na zama ne da inda aka nufa, -eseo na wurin da aiki ke gudana da inda aka fito. Harshen da ke da harafi ɗaya na 'a' bai shirya mai shi ga wannan rabo ba. Sai dai tun da ƙa'idar tana da ma'ana da za a iya nunawa, takan gyaru da koyarwa.

Na uku, wanda a nan ne gizo ke saƙa, shi ne -ga da -neun. Duka biyun suna sauka a kan aikau, kuma jimlar takan zama daidai a nahawu da kowannensu, amma ba abu ɗaya take faɗa ba:

(4) a. nu-ga wasseoyo? 'wa ya zo?'
b. Minsu-ga wasseoyo 'Minsu ne ya zo'
c. Minsu-neun wasseoyo 'Minsu kam ya zo'

Amsar (4a) ita ce (4b). Wanda ya amsa da (4c) ya bar mai tambaya da tunanin cewa akwai wani da bai zo ba. Sabon abu a zance yana shigowa da -ga, in an ci gaba da maganarsa sai ya koma -neun. Aikau na ganga dogarau kuma -ga yake ɗauka, kamar a bi-ga omyeon 'in ruwa ya zo' da Minsu-ga san chaek 'littafin da Minsu ya saya'. Zaɓin yana buƙatar mai magana ya riƙe abin da aka faɗa a baya, da abin da mai sauraro ya sani, a daidai lokacin da yake gina jimla. Antonella Sorace ta yi hasashen cewa irin waɗannan wurare, inda ginin jimla ya haɗu da tsarin zance, su ne ke ci gaba da yi wa ko da ƙwararren mai koyo tangarɗa, kuma -ga da -neun suna cikin misalan da suka fi dacewa da hasashen nata.

4.4 Shafe Harafi

A hira, Bakoriye zai ce bap meogeosseo? 'ka ci abinci?' ba tare da -eul ba. In aka sa shi, sai tambayar ta yi nauyi, kamar ana nufin shinkafa ce ya ci ba wani abu ba. Shafewar ba ta kara zube ba ce. Harafin karɓau ya fi na aikau saurin faɗuwa, kuma Hanjung Lee (2006) ta nuna cewa rai da sanayya da ƙarfafawa duk suna da hannu: karɓau marar rai, wanda dama an saba ganinsa karɓau, ya fi yarda a bar shi ba harafi, haka ma aikau mai rai sananne, inda suna ya saɓa wa abin da ake tsammani, ko aka ƙarfafa shi kamar a (4b), sai harafi ya tsaya. Ana iya tuna waƙafi a Larabci, inda wasalin ƙarshe ke faɗuwa, amma kamar a ido take kawai, domin waƙafi wurin tsayawa ke kawo shi, wannan kuwa yanayin zance.

Ba a cika koyar da wannan a aji ba, su kansu 'yan harshen ba za su iya zayyana ƙa'idarsa ba. Ɗalibin aji yakan sa kowane harafi a kowane wuri, maganarsa ta fito daidai amma kamar yana karanta jarida. Wanda ya koya a masana'anta yakan zubar da su har inda ba a zubarwa. Eun Seon Chung (2018) ta kwatanta baligai masu koyo da 'ya'yan Koriyawa da suka tashi a Amurka suna jin harshen a gida, ta tarar na biyun sun fi kusa da 'yan harshe a wannan fanni, abin da ke nuna darajar jin harshe tun da ƙuruciya.

Akwai matsalar hanyar bincike da ke tattare da wannan, wadda ya kamata masu nazari su yi hattara da ita. Tun daga Roger Brown (1973) an saba auna koyon ɗafi ta ƙidaya sau nawa aka kawo shi a inda ya wajaba. A Koriyancin baka, inda ya wajaba ba shi da iyaka tsayayya. Idan mai koyo ya ce bap meogeosseoyo, ƙidaya ba za ta nuna ko ya shafe harafin ne da sani, ko bai taɓa mallakarsa ba. Wannan ya shafi tsohuwar muhawarar da ke tsakanin masu cewa baligi ba ya iya samun sabon ginshiƙin nahawu da harshensa bai da shi, kamar Hawkins da Chan (1997), da masu cewa sanin yana nan, fitar da ɗafin ne ke gagara a lokacin magana, kamar Prévost da White (2000). Rashin harafi a bakin mai koyo ba hujja ba ce ga kowane ɓangare. Musanya da gwajin fahimta su ne shaidun da za a iya dogara da su, kuma abin da suke nunawa shi ne jinkiri da rauni, domin masu koyo suna ƙara daidaituwa gwargwadon ƙaruwar ƙwarewarsu.

5.0 Tasirin Harshen Farko

Masu Japananci su ne suka fi kowa samun sauƙi, domin haruffansu sun yi kusan daidai da na Koriyanci ɗaya bayan ɗaya: ga da -ga, o da -reul, wa da -neun, de da -eseo. Amma kusancin yana da nasa tarko. Aikatau 'haɗuwa da' da 'hawa' suna ɗaukar ni a Japananci, a Koriyanci kuwa karɓau ne kai tsaye, chingu-reul mannada da beoseu-reul tada, sai Bajapane ya sa -ege ko -e. Haka kuma haruffan Japananci ba sa canza siffa saboda baƙi ko wasali. Masu Sinanci da Ingilishi su ne suka fi jingina da jeri.

Idan aka juyo ga harsunan Nijeriya, tsarinsu ya isa ya nuna inda sauƙi da wuya za su kasance. Hausa tana da alamar matsayi, amma a ɓangaren aikatau take, bisa rabon da Johanna Nichols (1986) ta yi tsakanin harsuna masu alama a kan jigo da masu alama a kan dogarau. Aikatau na giredi na biyu a tsarin Parsons (1960) yana sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ke biye: ya saya, ya sayi doki, ya saye shi. A jimlar Audu ne Binta ta mara kuwa, lamirin ta shi ne ya nuna mai marin. Kunnen Bahaushe ya saba neman amsa a daidai wurin da Koriyanci bai ajiye komai ba. A gefe guda kuma, fassarar misalan (4) ta nuna cewa Hausa ta raba ƙarfafawa da kan zance a fili, ne da ce a wuri ɗaya, kam da dai da kuwa a ɗaya wurin, wanda Ingilishi ke barin yawancinsa ga murya. Malamin da ya bi ta Ingilishi don ya bayyana wa Bahaushe -ga da -neun ya bar gajeriyar hanya.

Kanuri ya fi kusa nesa ba kusa ba. Aikatau ɗinsa a ƙarshe yake, yana kuma liƙa wa suna -ye na aikau, -ga na karɓau, -ro na karɓau na kaikaice, -be na mallaka, kuma -ye da -ga ba dole ba ne a kowace jimla. Ke nan mai Kanuri ya riga ya san sauraron ƙeyar suna, ya kuma san cewa harafi yana iya faɗuwa. Sai dai -ga ɗinsa na karɓau ne, na Koriyanci kuwa na aikau. Wannan dacewa ce ta sauti kawai, ba dangantaka ba. Shi -ga na Koriyanci ma bai yaɗu a rubuce ba sai a ƙarni na 17, kafin nan -i ne kaɗai harafin aikau.

6.0 Abin da Ya Shafi Aji

VanPatten da Teresa Cadierno (1993) sun gwada wata dabara a kan masu koyon Sifaniyanci, inda maimakon a sa ɗalibi ya yi ta maimaita siffofi, ake ba shi jimlolin da ba zai fahimce su ba sai ya kula da alamar nahawu. Dabarar ta dace da Koriyanci ƙwarai. Jimlar da ta ƙunshi yaro da tuffa ba ta koyar da komai game da -reul. Wadda ta ƙunshi kare da kyanwa, a juye, tare da hotuna biyu da za a zaɓa, ita ce ke tilasta kunne ya tsaya a kan harafi. Aikatau irin piryohada da mannada da doeda kuwa gara a koyar da kowanne tare da harafin da yake ja, kamar yadda ake koyar da sunan Hausa tare da jinsinsa.

Akwai kuma abin dubawa a darasin farko na littattafan koyarwa. Kusan dukkansu da gabatar da kai suke farawa, jeo-neun haksaeng-imnida 'ni ɗalibi ne', don haka -neun shi ne harafin farko da ɗalibi ke gani a kan aikau, kuma yakan yi darussa da dama kafin ya gan shi a wani wuri. Kafin a zo kan -ga ya riga ya rubuta a ransa cewa -neun alamar aikau ce, sai ya ɗauki -ga a matsayin kishiyarsa marar dalili. Jimla ɗaya irin gogi-neun an meogeoyo 'nama kam ba na ci', inda -neun ke kan karɓau, in aka kawo ta a makon farko, za ta hana wannan zato kafuwa.